Layin da Na Karanta Daga Dama

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. Ga wata nan tafe gare ku, amma ba ta namun dawa ba ce, tawa ce, kuma da bakina zan faɗa. (Hauwa, rubuta yadda na faɗa, kar ki gyara don ki rufa mini asiri. Asirin ya riga ya tonu a gaban matan unguwa biyu.)

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka kawo lefen jikata Hauwa ba, ranar da na miƙe a tsakar gidana a unguwar Yindiski na yi wa jama'a karatu, ni da ban taɓa taka ƙofar makarantar boko ba.

Amma sai kun fara sanin abin da ke tsakanina da titi. Mijina, baban su Sale, direba ne, na babbar mota mai bodin katako. A zamanin da aka kawo ni gidansa, in mota ta shigo Potiskum, daga kukanta ake gane ta wane ce. Na ga shekarar canjin hannu, da aka ce masu mota su bar hagu su koma dama. Sati guda ya yi yana ɗaura jan ƙyalle a hannunsa na dama don kar ya manta, ni ke ɗaura masa da asuba. Ya tsallake canjin hannu lafiya. Bayan shekaru, wata ranar kasuwa, ya ɗauko hatsi daga Gadaka, bai iso ba. Hularsa aka fara kawo mini kafin a kawo shi.

Tun daga nan nake zaune ina kallon titi yana canja kaya. Motocin katako suka ƙare, bas-bas suka zo. Acaba ta cika gari, aka hana ta, keke mai ƙafa uku ta maye gurbinta. Tireloli suka yi yawa har suna kwana a bakin hanya kamar garken shanu. Aka faɗaɗa hanya, aka ce yanzu an huta, sai ga waya ta shiga hannun direbobi. Mota ta yi ta sauyawa, tabarmar da nake ɗauka zuwa gidan gaisuwa ba ta sauya ba. Na gaji, wallahi. Abin da na roƙi Allah shi ne kar wani nawa ya sake zaman jiran direba.

Sai Hauwa, ɗiyar ɗana Sale, wadda take hannuna tun yaye, ta rasa wanda za ta kawo mini duk faɗin garin nan sai Bukar, direban tirela, mai kai shanu kudu.

Ban sami abin kushewa a jikinsa ba, kuma na nema. Yana durƙusawa ya gaishe ni, ba ya shan komai sai shayi. Na ce da ita, "Duk malaman makarantar nan da masu ɗinki, ba wanda ya yi miki sai mai kwana a daji?"

Ta ce, "Kaka, ke wa kika aura?"

"Shi ya sa nake faɗa miki."

"To ai gado na yi."

Sale ya zo ya zauna a bakin ƙofa ya ce, "Inna, in ba ki yarda ba, ba zan ba da ita ba." Na ce, "Na ji." Ku lura, "na ji" na ce, ban ce "na yarda" ba. Su suka ɗauka yadda ya yi musu daɗi, aka sa rana.

Saura sati uku a kawo lefe, Hauwa ta tasa ni gaba wai sai mun je wani taro a tasha, masu kula da hanya za su yi wa direbobi da iyalansu bayani. Na ce ƙafata. Ta ce ga keke a ƙofa. Muka je, aka zaunar da ni a kujerar gaba ƙarƙashin rumfa, har da lemo mai sanyi. (A lokacin na ɗauka darajar furfura ce.) Wata yarinya mai kaki da hula ta hau kan benci, aka raba wa kowa takarda. Idona da yana, fuskarta ban gani sosai ba, amma na ji ta ce ta lasifika, "Wannan layin da kuke gani, yawan haɗarin mota ne, daga shekarun da suka wuce har zuwa shekarun da ke tafe."

Iyakar abin da na ji ke nan. Ga iska tana kaɗawa, ga lemo ya sauka. Da na buɗe ido, ana naɗe tabarmi.

A hanya Hauwa ta ce, "Kaka, kin ji dai ko?" Na ce, "Sarai." Ta yi ta murmushi, ni kuwa na ƙulle takardar a bakin zanena.

Da na kaɗaita a ɗaki na warware ta. Kar ku ce juya ta na yi kai ƙasa, ni ma ba sakarai ba ce. Akwai hoton mota a jiki, na tabbatar tayoyinta na ƙasa. Na karyo tsinken tsintsiya, kamar yadda muke bin baƙi a allo, don na yi allo kafin aure, ba laifi. Na yi bisimilla, na ɗora tsinken a inda duk karatun da na sani yake farawa, wato hannun dama.

Me zan gani? Layin ya fara daga can ƙasa, ɗigo-ɗigo, ɗaya nan ɗaya can. Na ce, sak, zamaninmu ke nan, lokacin da mota ɗai-ɗai ce. Na ci gaba da bi. Ɗigon ya haɗe ya zama layi mai kauri, ya fara hawa, ya ɗan sauka, ya sake hawa, har ya kusa fita ta saman takardar. Na ce innalillahi. Ashe abin da na gani a rayuwata somin-taɓi ne. Ashe hukuma da kanta ta san inda aka dosa, ta zana, ta raba wa mutane da lemo.

Sati uku ina bin layin nan da tsinke, safe da yamma, ko zai canja. Ban nuna wa Hauwa ba, na ce za ta kare masoyinta. Ban nuna wa Sale ba, na ce zai lallashe ni. Na ajiye abina sai ranar da zai yi amfani.

Ranar lefe, bayan azahar, dangin ango suka iso da guɗa, duk sun sha lafaya, turaren wuta ya cika gidan. Gwaggon Bukar ce a gaba, Gwaggo Yagana, doguwar mace mai muryar da ba ta buƙatar lasifika. Matan unguwarmu sun cika tsakar gida, har da maƙwabciyata Ladi, wadda in ta ji magana da la'asar, kafin magariba an ji har garin Mamudo. Aka jera akwatuna a kan tabarma. Gwaggo Yagana ta sa hannu za ta buɗe na farko.

Na ce, "A dakata."

Na miƙe da kyar, na kwance bakin zane, na fito da takarda da tsinkena. Na ce, "Bayin Allah, ba ku yi mini laifin komai ba, ɗanku ma bai yi ba. Amma akwatunan nan a mayar da su. Ba zan ba da yarinyar nan ga titi ba, don na ga abin da ke tafe, a rubuce."

Na ji motsin Hauwa a bayan labulen ɗakina.

Gwaggo Yagana ta ce, "Iya, a rubuce a ina?"

Na shimfiɗa takardar a kan babban akwatin, na ɗora tsinke, na yi musu darasi. Na nuna musu ɗigon zamaninmu. Na bi da su hawa-hawa har ƙololuwa. Har da sassauta murya a wurin da ya dace. Da na ga wasu sun fara kama haɓa, sai daɗin bakina ya ɗebe ni, na ƙara gishiri. Na ce, "Yarinyar nan mai kaki da bakinta ta faɗa, ina kujerar gaba. Ta ce nan da 'yan shekaru, matar direba ta fara ɗinka kayan takaba tun ranar ɗaurin aure."

(Allah Ya yafe mini. Wannan daga cikina ya fito, ba daga lasifika ba.)

Sai wata mace da ke zaune kusa da randa, cikin lafaya ruwan toka, ta taso ta durƙusa a gefena. Ta ce a hankali, "Iya, ara mini tsinken."

Na ba ta, ina jin kaina malamar da ɗaliba ta zo ƙarin bayani.

Ta ce, "Daga ina kika fara?"

"Daga inda ake fara karatu."

"Iya, na allo ke nan. Boko ta hagu yake farawa." Ta ɗauke tsinken ta kai shi ɗaya gefen, can sama. "Nan ne shekarun baya. Ki biyo ni. Kin ga yana sauka, yana ɗan hawa, yana sauka. Nan muke yau. Ɗigo-ɗigon nan kuwa ba zamaninku ba ne, shekarun da ba a kai ba ne. An yi su ɗigo ne don ba a tabbatar ba tukuna."

Amma tsohuwa ba ta faɗuwa a bugun farko. Na ce, "'Yar nan, ke wace ce da za ki gyara maganar mai kaki?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Ni ce mai kakin, Iya. Falmata, yayar Bukar. Ni na ce Hauwa ta kawo ki, ni na sa aka ajiye miki kujerar gaba, don hankalinki ya kwanta." Ta ɗago ta dube ni. "Kuma ya kwanta, don ina kallonki kina barci tun daga maganata ta biyu."

Wanda ya fara fashewa ban sani ba. Na dai ga Ladi ta toshe baki da mayafi ta yi bayan madafa, kafaɗunta na rawa. Gwaggo Yagana ta yi ƙoƙari, Allah Ya sani, har ta ɗaga kai tana kallon sama, sannan ta ce, "Iya, kayan takabar fa, a wane gefen takardar suke?" Shi ke nan gida ya rushe. Ni da na ɗaura wa miji ƙyalle sati guda don kar ya manta da canjin hannu, ban san takarda ma tana da nata hannun ba.

Na zauna a kan akwatin da na ce a mayar. Da dariyar ta lafa, sai na ji bakina ya faɗi abin da ya kamata in faɗa tun farko, ba tare da takarda ba. Na ce, "Hularsa aka fara kawo mini."

Ba wadda ta sake dariya. Falmata ta riƙe hannuna ta ce, "Iya, ba zan yi miki ƙarya ba. Ɗigon nan hasashe ne, ba alkawari ba. In direba ya yi barcinsa kafin ya tashi, ya ajiye waya, ya rage gudu, aka daina lodin da ya fi ƙarfin mota, aka gyara hanya, to can ƙasa za a kai. In ba a yi ba, karatunki ne zai zama daidai. Ni ma ƙanena ne. Duk tafiyar da ya yi, wayata a hannuna take har ya sauka."

Na dubi labulen ɗakina. Ina ganin yatsun ƙafar Hauwa ta ƙasa, ba su motsa ba. Na naɗe takardar na ce, "A buɗe akwatunan. Na yarda." Wannan karon kalmar da kanta na faɗa.

To, ga yadda kowa ya ƙare. Gwaggo Yagana ta rasu bara, Allah Ya ji ƙanta. Har ciwonta na ƙarshe, in na je dubiya sai ta ce a miƙo mini takardar asibiti in duba mata. Ladi tana nan, ba ta ƙara kirana da sunana ba, sai Malama. Sale bai taɓa tayar da maganar ba, wannan ya fi mini ciwo. Falmata an mayar da ita wani gari, an ce yanzu duk takardar da za ta raba sai ta zana kibiya a gefen hagu, kuma ba ta ba tsofaffi lemo sai an tashi. Hauwa na da 'ya'ya biyu, ga ta nan tana rubutu tana cije leɓe, tana zaton ba na gani.

Ni kuwa na koyi cewa kafin in karanta wa mutane takardar wani, in tambaye shi ta inda ya faro, kuma in an ba ni kujerar gaba in zauna da idona biyu. Ƙarshen ɗigon nan ba zan gan shi ba, shekaruna ba za su kai ba. Har yau in tirela ta taka burki da ƙarfi a bakin titi, sai na ajiye abin da ke hannuna.

Takardar tana wurin Bukar, ya manna ta a saman gilashin motarsa. Duk ranar da zai tashi kudu sai ya biyo ta nan, ya durƙusa a bakin ƙofa. Ba na yi masa doguwar nasiha, na gaji da ita. Tambaya ɗaya nake yi.

"Bukar, yau ta wane hannu za a karanta?"

Ya ce, "Ta hagu, Kaka, in Allah Ya yarda."

Sai in ce ya tashi ya tafi, in jawo kujerata kusa da ƙofa.