Sakatariyar Baba Ta Rasu, Kuma da Hannuna a Ciki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wata kunya da ta fi baƙin cikin nauyi, ni ɗan fari a gidan nan nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutar mahaifinmu, wadda shi Baba yake kira Sakatariya. Ta cika ranar Asabar da yamma, a kan teburinta na gefen taga, tana da shekara goma sha ɗaya, bayan gajeruwar rashin lafiya da ba ita ta jawo wa kanta ba.

Marigayiya ta shigo gidan nan shekarar da Baba ya ajiye aikin tuƙin jirgin ƙasa. Mai haƙuri ce, ba ta san gaggawa ba. In an kunna ta, sai mutum ya dafa shayi ya dawo ya tarar tana miƙa. Ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba, in ban da “tit” guda ɗaya da take yi da safe, sai “fuuu” na fankarta idan zafi ya matsa. Shekara huɗu Baba yana zama gabanta da yatsu biyu, yana rubuta labarin shekara talatin da ya yi a kan dogo, tasha bayan tasha, har shafi ɗari biyu da goma sha biyu. Kullum ya gama sai ya lulluɓe ta da wani tsohon tawul, ya ce ta huta.

Ta rasu ta bar firinta mai cin takarda, da maus mai igiya, da lasifika biyu da ɗaya ce kawai ke magana. Ta bar Baba, wanda har yau yake fitowa ƙarfe takwas da tabarau a hannu, ya zauna a kujerar gaban teburinta, ya tuna, ya tashi. Ta kuma bar ni, wanda ake kira Injiniya a gidan nan don na taɓa gyara wa Mama rimot.

Game da ciwon ajalinta an yi maganganu da yawa, kuma yawancinsu daga bakina suka fito. Ga abin da ya faru.

Ranar Asabar ɗin Baba ya tafi asibiti a duba masa ido. Ni kuma na ga dama ta samu in sa wa Sakatariya sabuwar manhaja, wai don ta ƙara sauri ya dawo ya sa mini albarka. Babu wanda ya sa ni. Na buɗe durowa na ga wani filash da aka ɗaura wa jan zare, na goge shi tas, na zuba manhajar a kai. Da allo ya tambaye ni ko a share duk abin da ke cikin kwamfutar, na ce a share, ai Baba yana da kwafin littafinsa a wani wuri. Sai da aiki ya yi nisa na tuna dalilin da ya sa ya ɗaura jan zaren: a wannan filash ɗin kwafin yake.

Manhaja ta shiga amma ta ƙi tashi. Na shiga shuɗin shafin saitin nan da masu gyara ke kira bayos, in nuna mata ta inda za ta fara. A nan ta sandare. Na danna sama, na danna ƙasa, ko gezau. Agogon da ke kusurwar allo ya tsaya a uku da minti bakwai. Na cire maus, na canza wa kibod rami, na kashe na kunna, ta kai ni shuɗin shafin ta sake sandarewa. Na kwance murfinta, na zare ɗan batirin nan mai kama da kwabo, na ƙirga talatin na mayar, kamar yadda wani mutum ya nuna a bidiyo. Ta ɗan farfaɗo, ta motsa sau biyu. Mai hankali a nan zai tsaya ya kira mai gyara. Ni kuwa sai na yanke hukuncin cewa bayos ɗin ne ya tsufa, na nemo sabo na fara ɗora mata. Allo ya rubuta da manyan haruffa cewa kada a kashe. Layi ya hau har kashi sittin da uku cikin ɗari ya tsaya cak. Na jira minti goma ina gumi, na ji ana buɗe ƙofar gida, na danne maɓallin kashewa.

Da na sake kunnawa, “tit, tit, tit,” allo baƙi ƙirin. Kalamanta na ƙarshe ke nan. Na mayar da murfi, na lulluɓe ta da tawul daidai yadda Baba yake yi, na jefa filash a durowa, na fita na yi masa sannu da zuwa.

Washegari ya kira ni. “Injiniya, zo ka gani. Ina jin ni na cuce ta. Shekaranjiya na goge mata ƙura da ɗanyen tsumma.”

Da bakina na ce, “Ai Baba na sha gaya maka, ita da ruwa ba sa ga maciji.”

Ya ce, “Haka ne, ka faɗa. To da sauƙi, tunda akwai filash.”

Muka kai ta da filash ɗin wurin mai gyara. Ya duba filash ya ce babu littafi a ciki. Baba ya daɗe yana juya jan zaren a yatsa, sannan ya ce, “Ashe duk shekarun nan ban iya ajiyewa ba.” Mai gyara ya juya gawar, ya ga noti ɗaya ya ɓata a murfi, ya dube ni. Da Baba ya ba da baya, ya ce mini a hankali, “Ruwa dai ba ya kwance noti.” Bai ƙara komai ba, kuma ina gode masa, ko da yake da ya tona ni a ranar da na huta.

Yau kwana tara ke nan Baba yana ba mutane haƙuri a kan laifin da bai yi ba. Ya wurgar da tsumman. Ya ce wa Mama tsufa ne ya kama shi, hannunsa ya daina abin kirki. Ni kuma ina zaune ina gyaɗa kai. Wannan ya fi mutuwar damuna, kuma na kasa haɗiye shi.

Za a yi jana'iza ranar Talata da ƙarfe goma na safe a shagon mai gyara, kusa da kantin magani. Kafin nan zai ciro ma'ajiyarta, inda rubutu ke zama, ya gwada sa'a. Ya ce wataƙila a tsira da shafi ashirin, wataƙila ko ɗaya. Fankarta an ba da ita ga wata mai bukata, gangar jiki kuma masu sayen ƙarafa za su ɗauka.

Ana karɓar gaisuwa a ɗakin Baba. Don Allah kada kowa ya ce masa ai dama ta tsufa. Na sayi manyan littattafan rubutu uku da biro, na ɗauki hutun mako biyu a wurin aiki, in ya yarda mu koma tashar farko, yana faɗa ina rubutawa.

Har yanzu ana ɗiga masa magani a ido, ba ya iya karatu. Saboda haka ina roƙon wanda ya fara zuwa gaisuwa ya karanta masa wannan sanarwa da ƙarfi, tun daga farko, kada ya tsallake komai. Ni na gwada sau uku na kasa. Zan kasance a kan kujerar bakin ƙofa, inda zai iya ganina.