Daƙiƙa Tara da Lambar Sirri

Tun da aka fara ɗaukar hoton cikin jikin ɗan Adam, ba a yi mai sauri kamar Injiniya, shugaban sashen na'urori na asibitin. Shi ne ma ya fara gano haka.

A da, idan na'ura ta leƙa cikin kan majinyaci, wata tsohuwar kwamfuta da ma'aikata ke kira Kaka ce ke harhaɗa hoton, yanki bayan yanki, tana nishi, har minti arba'in. Injiniya ya ce wannan cin mutuncin kimiyya ne. Ya sa a riƙa tura aikin ta intanet ga kwamfutoci dubu da ke can nesa, kowacce ta ɗauki yankinta, su kammala cikin daƙiƙa tara. Ma'aikatan sashen ne suka yi gumin, shi ya sayi sabuwar kwat. Kaka kuwa aka lulluɓe ta da tsohon labule.

Daga nan sunansa ya koma Daƙiƙa Tara. Ko gaishe shi ka yi sai ya duba agogo. Matarsa ta ce har doguwar hira ya daina yi, kanun labarai kawai yake ba ta.

Sai dai abu mai daraja ba a barinsa sakaka. Ya kafa doka: babu hoton da zai buɗu sai shi da kansa ya danna lambar sirri, da yatsansa mai zobe.

Ranar bikin buɗe sabon tsarin, mai fenti yana kan tsani yana gyara wutsiyar lamba tara a bangon zauren taro, tsanin ya zame, kansa ya bugi siminti. Aka ruga da shi ɗakin hoto, likita na son sanin ko jini na zuba a ciki. Kwamfutoci dubu suka yi aikinsu cikin daƙiƙa tara cif. Sannan allo ya nemi lambar sirri.

Injiniya yana kan dandamali, ya kashe waya don kada a katse tarihi.

"Jama'a, na yanka jira, na binne shi," in ji shi. "Jikokinku za su tambaye ku, wai mene ne layi?"

Wata nas ta lallaɓo ta miƙa masa takardar neman lambar sirrin. Bai karanta ba, ya rattaba mata hannu a takardar, ya ƙara da fatan alheri, ya ci gaba.

A ɗakin hoto, likita ta dubi mai ɗaukar hoton. "Malam, tsohuwar nan tana da rai?"

"Ranki ya daɗe, ba ta mutu ba, fushi take yi."

Ya yaye labule, ya hure ƙura, ya kunna. Kaka ta yi tari, ta yi nishi, bayan minti arba'in ta nuna ɗan jinin da ya taru. Aka shige da mai fenti tiyata, aka fito da shi, ya farfaɗo yana tambayar burushinsa.

A lokacin Injiniya ya kai shafi na sha ɗaya. Jawabin shafi talatin ne.