Yadda Za Ki Ci Mijinki da Yaƙi a Ramin Alƙali

'Yar nan, in alƙali ya ce ke da mijinki ku raba gardama a rami, share hawayenki. Ni Goggo Irmel ban taɓa riƙe makami ba, amma tagata kasuwa take kallo, ba faɗan da ya taɓa wuce ni. Ki bi maganata, nasara taki ce, ba tantama.

1. Ki san dokar

Shi yana cikin rami har ƙugu, hannu ɗaya a ɗaure, ɗayan da kulki. Ke kina waje da dutse ƙulle a mayafi. In ya jawo ki ciki, kin faɗi. In kulki ya bar hannunsa, ya faɗi. Wanda ya faɗi, a raka shi ƙofar gari, ba dawowa.

Haka aka yanke wa Barbel da mijinta Utz maƙeri. Shi ya rantse ta ba ƙanenta takobin ubansa, ita ta rantse a mashaya ya manta shi. Ni na san inda takobin yake, amma ba wanda ya tambaye ni.

2. Kar ki je wurin malamin takobi

Zai koya miki tsayuwar bijimi da tsayuwar garma, da yadda ake kama takobi ta tsini a rotsa kwalkwali da ƙota. Wannan na masu sulke ne. Shi kansa malamin, na ga matarsa ta kore shi da ludayi har bakin coci.

3. Ranar awo ita ce ranar yaƙi

Mai haƙa ramin zai zo da igiya ya auna cikin mijinki tun lokaci da sauransa, don ya san faɗin da zai haƙa. Kafin ya zo, ruwan kabeji kawai. Da ya fita, ɗora tukunya. Barbel ta shiga ɗura wa Utz kitsen dinya da cuku da burodi mai man shanu.

"Ke Barbel, yau ma nama? Me kika zuba a ciki?"

"Ci abinka, maigida. Garin da za ka koma, kar su ce ban kula da kai ba."

Ya zage ta, ya miƙo akushi a ƙara.

4. Mayafi ya zama naki

Kar ki ara. Wata ta ari na uwar mijinta, ya yage tun a wulwulawar farko, dutsen ya sami magatakarda a haɓa. Har yau kunu yake sha.

5. Ki zagaya ta baya

Ran faɗan, sai da dogarai suka hau kafaɗun Utz kafin ya shige ramin. Ya cika shi dam. Barbel ta koma bayansa ta tsaya tana gyara ɗankwali.

"Biyo ta gaba in kin isa, 'yar mai wankin hanji!"

"Juyo mana, jarumi. Duk gari kai ake kallo."

Ya yi nishi, wuya kawai ya motsa. Ta auna gwiwar hannunsa, ƙwal! Kulki ya faɗi.

6. Ki san abin da za ki yi da nasara

Nan ne akasari ake kuskure. Alƙali ya ce a fito da shi a kai shi ƙofar gari. Aka ja da hannu, aka ja da doki, Utz ko gezau. Alƙali ya gaji ya ce, "A bar shi ya rame. Ranar da ya fito, ranar zai bar garin nan."

Barbel ta koma gida. Maƙera ba wuta, ba ƙarar guduma, ba mai cewa miya ta yi gishiri. Ta yi wa kyanwa faɗa, kyanwa ba ta rama ba.

Gari na wayewa sai ga ta a kasuwa da tukunya niƙi-niƙi.

"Buɗe bakinka."

"Ke! So kike in mutu a ramin nan?"

"So nake ka zauna inda nake ganinka. Haɗiye, ga wani."

Ta sa an yi masa rumfa saboda ƙanƙara, aka kawo masa dutsen washi. Yanzu duk mai wuƙa a can yake kaiwa. Kullum alƙali ya wuce sai ya leƙa ko an sami sarari a gefe. Babu.

A ƙarshe, ba ruwana. In mijinki irin waɗanda ke cin tukunya guda su tashi kamar tsinke ne, har ya jawo ki ciki ta ka, kar ki kira sunana a ƙofar gari. Ni tsohuwa ce, ban iya karatu ba, kuma ranar ina coci.