Gidan da Na Kama a Bakin Kwara

Shekarar da aka datse kogin Kwara a Kainji aka turo ni koyarwa Yelwa. Na samu gidan haya a bakin ruwa, ɗaki uku da rumfa, da arha kamar kyauta. Ban tambayi dalili ba, na ɗauka iya cinikina ne.

Muna sauke kaya, maƙwabta suna ɗaure nasu. Wani dattijo masunci, Baba Ɗanjuma, ya tsaya ya dube ni.

"Malam, ruwa na tahe. Ba ka ga kowa na tashi ba?"

Na gyara zaman tabarau na ce, "Baba, na duba taswira. Ina Kainji, ina nan?"

Ba a daɗe ba ruwa ya cinye hanyar kasuwa. Kullum da safe sai in kafa kara a bakinsa, kafin la'asar karan ya nutse. Matata Hauwa ta daina yi mini magana, sai kallo. Wata safiya muna cikin shan koko katangar baya ta rufta, ruwa ya kwararo har gwiwa. Na haye gado ina salati da ƙarfi, don ban iya iyo ba.

Baba Ɗanjuma ya turo kwalekwalensa har ƙofar ɗaki. Ya kwashi Hauwa, ya kwashi tukwane, sannan ya jawo ni ta wuyan riga.

Har yau in na ratsa kasuwa, masu kifi sai sun ɗaga ƙaton giwan ruwa: "Malam, ga wanda ya gaje maka gida, zo ku gaisa!"