Littafin Da Na Sauke Sau Biyu Ban Buɗe Ba

Ko da tsufa ya cinye mini komai, ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a Umdurman ba, ranar da littafi ya tona mini asiri a gaban mutumin da nake neman auren 'yarsa.

Gaskiya ni tun ina yaro ba na son karatu. Bulala ce ta kai ni makaranta, haddar dole ta fitar da ni, har na samu gurbi a wata jami'a a Khartum zamanin mulkin soja. A can na gano cewa ba sai ka karanta littafi ba, ka dai riƙe shi. Na sayi wani tsohon littafin tarihi bugun Misira, juzu'i huɗu, a Kasuwar Umdurman. Duk inda za ni, juzu'i na farko na hammatata. Hatta sojojin da ke bincike a bakin gada, in suka gan shi sai su ce, "Wuce, ya maulana." (Ni kuwa in wuce ina gyara hula.)

Yarinyar sunanta Amna. Mahaifinta, Baba Usman, tela ne, Bahaushe haifaffen Gezira. Auduga ya tsinta har ya yi gemu, sai da ya dawo birni ya koyi karatu da tsofaffin jaridun da ake naɗe kaya. Yana mutuwar son littafi, amma idonsa ya yi rauni. Da ya tambaye ni abin da nake yawo da shi, bakina bai yi nauyi ba, na ce, "Baba, ai sau biyu na sauke shi."

Ranar da ya ce in zo in ji amsarsa kan maganar auren, na tarar da ƙaninsa da maƙwabta biyu a kan tabarma. Amna ta kawo jabana, wato gahawarsu mai citta, ta laɓe bayan ƙofa.

Baba Usman ya ce, "Ɗana, kafin mu yi magana, ɗan karanta mana daga tsakiya. Na daɗe ban ji tarihi ba."

Na yi gyaran murya, na buɗe tsakiya. Ya ƙi buɗuwa. Takardun a haɗe suke ta sama da gefe, takwas-takwas. Na lasa yatsa na murza, na hura iska, na koma wani wurin, duk ɗaya. Ashe irin bugun nan na dā, sai mai karatu ya sa wuƙa ya raba takardun da kansa. Wata bakwai ina yawo da shi ban sani ba.

Maimakon in yi shiru, sai na ce, "Baba, zafin Khartum ne ya manne shi."

Ƙaninsa ya ƙware da gahawa. Ta bayan ƙofa na ji faranti ya faɗi. Gumi ya jiƙe mini jallabiya, na riga na fara lissafin hanyar da zan bi in koma ɗaki ba tare da na sake haɗuwa da ɗan unguwar ba. A raina na ce shi ke nan, Amna ta tafi.

Tsohon ya karɓi littafin, ya bi gefensa da yatsa a hankali, kamar yana duba ɗinki.

"Zafin nan namu akwai iya aiki," in ji shi. "Har da ninki."

Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ƙarya na yi. Ban taɓa karanta ko layi ɗaya ba."

Baba Usman ya mayar mini da littafin. Sannan ya laluba aljihu, ya ciro 'yar wuƙar da yake farke ɗinki da ita, ya miƙo mini.

"Kai kana da ido ba ka karatu, ni ina son karatu ba ni da ido. Duk Juma'a bayan la'asar ka zo, ka yanka, ka karanta mini. In muka gama na farko, sai a yi maganar Amna."

Wallahi ban taɓa jin sanyi a zuciya irin na lokacin ba. Nan take na farke takardar farko, har na ɗan ci rubutun.

Da fari sauri nake, ina ƙirga shafukan da suka rage tsakanina da aure. Shi kuwa sai ya tsayar da ni, ya ce in maimaita, ya yi gardama da marubucin kamar yana zaune tare da mu. Ban san ranar da abin ya shige ni ba. Na dai wayi gari ina yanka takardu ranar Talata, in leƙa abin da zai faru. An ɗaura aure, muka ci gaba. Muna tsakiyar na huɗu Allah ya yi masa rasuwa, sauran na ƙarasa ni kaɗai, da ƙarfi, yadda ya saba ji.

Yanzu gashina ya yi fari, gilashina ya yi kauri, wuƙar tana nan a aljihuna. In aka tambaye ni ko na karanta littafi, ko da na sauke shi da gaske, cewa nake, "Na dai fara." Amna kuwa har yau in ta ga na shigo da sabo, sai ta ce, "Malam, a kunna masa fanka, kar zafi ya manne shi."