Tafiyar Sarkin Motsi

Idan ana lissafin waɗanda Allah ya yi wa baiwar ido, sai a fara da Sarkin Motsi, a ɗan huta, sannan a waiwayi saura. Shi ya kafa zauren masu koyon zanen katun a kwamfuta, shi ke riƙe da makullinsa a waya, shi kuma ya naɗa wa kansa sarautar don kada a wahalar da jama'a da zaɓe. Da rana ma'aikacin inshora ne, teburinsa na jikin injin kwafi. Amma da ya tashi aiki ya buɗe zauren nan, sai ya koma abin da duniya ba ta gama ganewa ba tukuna.

'Yan zauren duk masu sana'arsu ne, sha'awa ce kawai ta haɗa su. Akwai direban bas, da malamin lissafi, da wata likitar haƙori, da wasu da dama. Kowa da kukan da yake kawowa. Wannan gwiwar mutumin da ya zana tana lanƙwashewa ta baya, wancan gashi ya huda hula ya fito, wani kuma kwamfutarsa ta ɗauke ana tsakiyar haɗa fim. Sarkin Motsi ba ya ƙyashin ilimi. Nan take zai aiko da saƙon murya mai tsawon da mutum zai yi wanka ya fito bai ƙare ba.

"Ɗan'uwa," zai ce, "matsalarka ba a kwamfuta take ba, a idonka take. Mu da muka daɗe a harkar nan, motsi muke ji a jikinmu."

Can sai wani ya lallaɓo ya faɗi maɓallin da za a danna, abu ya gyaru. Shi kuwa sai ya rubuta a ƙasa: "Abin da nake nufi ke nan."

Nasa aikin fa? Kada a yi gaggawa. Babban fim ne, yana kan wuta. Kwamfutar tana nan a falo, ƙatuwa, mai fitilu kala-kala, kuma tana da amfani ƙwarai, don a kanta uwargidansa ke shanya safar yara saboda ɗumin da take fitarwa. Abu ɗaya da aka taɓa gani daga hannunsa shi ne wata ƙwallo mai tsalle, tun shekarun baya, ita ma ba ta taɓa ƙasa. Ya ce da gangan ne, mai hankali zai gane.

To, duk shekara ɗakin karatu na unguwa yakan ba 'yan zauren aron majigi da kujeru, kowa ya gayyato iyalinsa a kalli abin da aka yi. Fim ba ya hawa allon nan sai Sarkin Motsi ya sa albarka. A nan ne likitar haƙori ta shiga hannu. Ta yi ɗan gajeren fim na wani tsohon hedimasta da ke takawa zuwa ƙofar makaranta ranar da ya yi ritaya. Don mahaifinta ta yi shi, kuma ta yi kuskuren gaya masa, har tsohon ya sa an goge masa rigar da zai sa.

Sarkin Motsi ya duba, ya ce ƙafafun suna sulɓi. Ta gyara. Ya ce jikin ba nauyi. Ta gyara. Ya ce yanzu kuma nauyin ya yi yawa, sannan babu ruhi. Abin ya ishe ta, ga ranar tana matsowa.

"Shugaba, don Allah ka nuna mini daidai inda zan taɓa," in ji ta.

Tambayar ta yi masa daɗi. Ya miƙa wa uwargida waya, ya sa ta ɗauke shi yana takawa daga ƙofar kicin zuwa bakin gareji, ya tura wa likita.

"Ƙanwata, ga tafiyar mutum mai daraja. Ki kalla, ki koya. Ba kowa nake yi wa haka ba."

Shi kansa ya kalli bidiyon ya fi a ƙirga, sai dai kullum idonsa na kan fuskarsa da sabon agogonsa. Likita kuwa mace ce mai bin umarni. Ta yi abin da masu zanen katun ke yi idan motsi ya gagare su: ta shimfiɗa bidiyon a ƙarƙashin zanenta, ta bi shi hoto bayan hoto, inda ƙafa ta sauka nan ƙafar hedimasta ta sauka.

Ranar tantancewa aka haɗu da la'asar a ɗakin baya na ɗakin karatun. Sarkin Motsi ya riga kowa zuwa, ya kama kujerarsa ta kullum, mai hannu, can ƙuryar da ta fi nisa da ƙofa, inda kowa zai gan shi. Aka kunna fim ɗin likita. Hedimasta ya fito, tumbi na gaba yana share hanya, ƙafafu a warwatse, hannun hagu a sandare kamar an ɗora masa tire, kai yana ɗan gyaɗawa yana amsa gaisuwar da ba wanda ya yi.

"Tsayar," in ji Sarkin Motsi. Ya cire tabarau, ya numfasa irin na wanda aka ɓata wa rai. "Ƙanwata, na ba ki zinariya kin dawo mini da gwangwani. Ku dubi wannan abu, jama'a. Wane ɗan Adam ne ke tafiya haka? Wannan ai agwagwa ce ta ci ta ƙoshi. Mutumin da ke tafiya haka ba shi da komai a ka, sai son a gan shi. Ni da na yi shekaru ina nazarin tafiyar mutane, ban taɓa cin karo da irin wannan ba. Fim ɗin nan ba zai hau allo ba."

Likita ta ji abin har cikin ranta, don rigar mahaifinta ce ta faɗo mata. Ba ta yi musu ba.

"Shugaba, ko ni ce ban bi daidai ba. Bari a gani."

Ta danna, zanen ya dushe, abin da ke ƙarƙashinsa ya bayyana. Ga ƙofar kicin, ga Sarkin Motsi da silifas, tumbi a gaba, agogo a sama. Ta dawo da zanen rabi, sai ga su biyu a haɗe, shi da hedimasta, suna jefa ƙafa tare ba wanda ya riga wani.

Direban bas ya kama tari, malamin lissafi ya sunkuya neman biron da ke hannunsa.

A nan ne Sarkin Motsi ya nuna cewa ba a banza ya zama shugaba ba. Ya lura hanya biyu ce gare shi: ko fim ɗin ya yi kyau, ko shi agwagwa ne. Ya mayar da tabarau.

"Madalla," ya ce. "Gwada ku nake yi, in ga ko akwai mai ido a cikinku, kuma duk kun faɗi. Wannan tafiya akwai nauyi, akwai ruhi. Da fim ɗin nan za a buɗe taro."

Likita ta yi godiya har da rusunawa, ta ce za ta sa sunansa a ƙarshen fim da manyan baƙaƙe, tunda aikinsa ne. Haka Allah ya nufa, bayan shekarun jira, aikin Sarkin Motsi zai fita bainar jama'a.

Aka tashi taro. Bisa al'adar da shi ya kafa, ba mai fita sai shugaba ya fita. Kowa ya miƙe, aka dare aka ba shi hanya, wasu har sun ɗaga waya. Ya dubi ƙofa, bai taɓa sanin ɗakin nan yana da tsawo haka ba.

"Ku yi gaba," in ji shi. "Akwai abin da nake nazari."

Yana nan zaune har mai shara ta zo ta ce ya ɗaga ƙafa.