Farfesan Dasashi

Allah ya yi wa ƙauyen Karanglo baiwa da Pak Kasmuri. Shekara ashirin da shida ya yi yana buga hatimi a ofishin lafiya na gunduma, kuma tunda kowace takardar likita sai ta bi ta hannunsa, ai babu ilimin da bai shige shi ba. Matan unguwa suka laƙaba masa Farfesan Dasashi. Ya karɓi sunan hannu bibbiyu.

Da jikarsa Gendis ta kai wata bakwai, sai ta fara dalalar da yawu tana cizon duk abin da ta kama. Kakarta, Bu Tumirah, ta sanyaya kokwamba ta miƙa mata, kukan ya lafa. Farfesa ya fizge kokwambar. Jikar ma'aikacin gwamnati, a cewarsa, ba akuya ba ce. Ya hau mota har birnin Solo ya sayo sarƙar duwatsu mai ruwan zuma, ya rataya wa yarinyar, ya tara maƙwabta a baranda.

"Wannan dutse yana zuƙe raɗaɗi ta fata," ya ce yana gyara rigar batik. "Ba zan zurfafa ba, kada kanku ya yi ciwo."

Kwana biyu jikin Gendis ya yi zafi rau, ta ƙi nono, tana ta jan kunnenta na dama. Uwarta Lastri ta durƙusa ta ce, "Baba, ko mu kai ta asibiti?" Ya kalli surukar tasa kamar ta zage shi. Zazzaɓi shaida ce dutsen na aiki, in ji shi, kuma a ɗauki yarinya daga gidansa a kai wa 'yan bana bakwai, to ina zai sa fuskarsa?

A rana ta uku yana rumfar shayi, bakinsa cike da soyayyen tempe, wato wainar waken soya, yana koyar da direbobi sirrin haƙoran gaba, Lastri ta goya 'yarta ta hau babur. Bu Tumirah ce ta buɗe mata ƙofa.

A asibiti aka tarar kunnen ya riga ya tara mugunya. Ma'aikaciyar jinya ta tsinke sarƙar da almakashi, ta ce irinta na shaƙe jarirai, ta tambaya wane mai hankali ne ya ɗaura. Lastri ta sunkuyar da kai. Gendis ta sha magani, ta warke cikin mako.

Farfesa ya sanar a rumfar shayi cewa tun ranar farko ya zargi kunnen, ya yi shiru ne don ya gwada basirar surukarsa.

Yanzu iyaye mata ba sa ɗauke ƙafa daga gidansa. Sukan zauna su saurari shawararsa tsaf, don su san abin da ba za su yi ba. Shi kuwa ya ba kafinta aikin ƙarin benci.